Kawu ya tari ruwa a Santambul

Watan jiya Kawu ya baro shagonsa na Kasuwar Gumi da ke Kaduna ya zo sarin kaya nan Santambul. Ya ce shi da otal har abada, cikinsa ya gaji da burodi da zaitun. Sai na kama masa ciki da falo a Aksaray, irin gidajen nan na hayar 'yan kwanaki da komai a ciki: gado, firij, injin wanki, tukwane, har butar shayinsu mai hawa biyu. Shagunan Laleli kuma, unguwar da ake sarin kaya, da ƙafa ake zuwa. Ba wanda ya tarbe mu. Lamba aka turo min ta WhatsApp, na danna a wani ɗan akwati a bakin ƙofa, makulli ya fito. Kawu sai waige-waige yake, wai ina maigadi.

Kwana uku da saukarsa matar da ke da gidan ta kira ni hankali tashe, maƙwabta sun ce wani abu ya ruɓe a ciki. Daddawa ce fa, Kawu ya kaɗa miyar kuka. Tsoronta da dalili: tun Janairun 2024 dokar Turkiyya ta ce duk mai ba da hayar da ba ta wuce kwana 100 ba sai ya karɓi izinin gwamnati, da amincewar masu sauran gidajen benen. Maƙwabci a nan ba abin wasa ba ne.

Muka shiga kicin tare da ita. Jama'a, ga tukwane jere cike da ruwa, ga bokitin goge daɓe, ga gorunan roba, hatta butar shayin ba ta tsira ba. Ta dube ni ta ce famfo ne ya lalace ba a gaya mata ba? Kawu ya gyara hula ya ce, "Gaya mata, ɗana, tanadi ne. Wa ya san gobe?" Da guntun Turkancina na tsaya ina yi wa baiwar Allah bayanin cewa a garinmu, wanda kogi ya ratsa tsakiyarsa, idan ruwa ya zo tara ake yi. Ba ta yi dariya ba. Tausayinmu ta ji, wannan ya fi min ciwo.

Sai na tuna gidan hayar 'yan kwanaki da na kama a Malali, can Kaduna, da Babbar Sallah. Kuɗin ajiya kafin makulli, yaro ya ƙirga cokula a gabana, sha biyun dare aka kashe janareta wai gas ya yi tsada. Amma ban ga laifinsu duka ba. Mu ne mutum biyu za su kama gida, dangin amarya ashirin su sauka, a tafi da tawul, a bar tabon manja a labule.

Matar ta nuna mana maɓallin fankar da ke zuƙe hayaƙin girki, ta tafi. Daren nan na ci tuwo malmala biyu, rabona da miyar kuka wata takwas, har na ji kamar a tsakar gidanmu na Tudun Wada nake. Da na je wanke hannu, sai ga tukunya ɗaya a bayan ƙofa, a rufe. Kawu bai zubar ba.