Birkin babur ya yi sanyi: wane shu za ka saya, kuma a hannun wa?

Duk wanda ya taɓa saukowa daga gadar Ƙofar Nassarawa a kan mashin, ya taka birki ya ji ƙafarsa tana nutsewa, ga A Daidaita Sahu ya tsaya cak a gabansa yana ɗaukar fasinja, ba ya bukatar a yi masa bayanin hatsarin birki mai sanyi. Sai dai kafin ka nufi kasuwa, fara gano inda matsalar take, don ba kullum ne shu yake ƙarewa ba.

Yawancin baburan da ke yawo a Kano, irin su Jincheng, Lifan, Bajaj Boxer da roba-roba, birkin durom gare su a baya, da yawa ma har gaba. A cikin durom ɗin, wato kwanon ƙarfen da ke tsakiyar ƙafar babur, akwai shu guda biyu, wato ƙarafa masu lanƙwasa da aka manna wa lainin, abin da ke gogar durom, sifirin biyu da ke mayar da su, da ɗan ƙarfen da ke juyawa ya buɗa su su kama durom. Fara da saiti. Hannun birkin gaba ya yi wasan milimita 10 zuwa 20 kafin ya kama, fedar baya kuma 20 zuwa 30. Ƙara natin da ke ƙarshen rodi, ka ɗaga ƙafar babur ɗin ka juya ta da hannu, kada ta riƙa gogawa. Idan natin ya kai ƙarshen zare birki bai dawo ba, to a kwance ƙafa a duba. Lainin da ya yi ƙasa da milimita 2 ya gama aiki. Wanda ya yi sulɓi yana ƙyalli kamar gilashi zafi ne ya ƙona fuskarsa, ɗan gogawa da sanfefa na iya farfaɗo da shi. Wanda kuwa giris ɗin boris ya jiƙa, jefar da shi kawai. Ko an wanke da fetur, da zarar ya ɗauki zafi man zai sake tsattsafowa.

Idan ya tabbata sai an saya, abu huɗu ne a gabanka: shu na kamfanin babur ɗin, shu mai araha da ake zubewa a kwali, tsohon shu da aka sake liƙa wa lainin, da kuma na hannu da aka cire daga wani mashin.

Na kamfani shi ne zaɓin da ya dace, kuma dalilin ba suna ba ne. Na farko, lanƙwasarsa daidai take da durom. Durom ɗin waɗannan babura yawanci milimita 110 ne ko 130, kuma shu mai kyau yana kwanciya a jikinsa tun daga sama har ƙasa. Marar kyau tsakiyarsa kaɗai ke taɓawa, ko bakinsa, shi ya sa za ka sa sabo fil amma birki ya ƙi ci. Na biyu, kuma wannan ya fi komai, shi ne yadda aka manna lainin a jikin alminiyon. A masana'anta ana haɗa su da gam na musamman, a matse, a gasa da zafi. Birki aikinsa ke nan mayar da gudu ya koma zafi, kuma mutumin da ya ɗauko buhun shinkafa ko goyon mutum biyu daga Kurna zuwa Bata a cikin cunkoso, yana taka birki kowane taku, durom ɗinsa zai yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba. Gam ɗin da ba na ƙwarai ba a nan yake saki. Lainin ya ɓalle, ya shige tsakanin shu da durom, ƙafa ta kulle nan take. Idan ta baya ce mashin ya ja ka gefe, idan ta gaba ce sai dai Allah ya kiyaye. Na uku, lainin na kamfani ba ya saurin cin durom. Ya fi sauƙi ka sauya shu sau da yawa da ka sauya hob, wato cibiyar ƙafar da durom yake jikinta, sau ɗaya, domin sauya hob na nufin a kwance sifok gaba ɗaya a sake ɗaura ƙafa. Ga shi kuma yana zuwa da sifirin sababbi masu ƙarfi, waɗanda ke janye shu da zarar ka saki feda. Yana da tsada, babu musu, amma shi ne kuɗin da ba za ka yi da-na-sani a kansa ba.

Mai araha yana kamawa a makon farko, daga nan ko ya yi ta ƙara ko ya ƙare kamar alli. Wanda aka sake liƙawa, rayuwarka ta rataya ne a kan gam ɗin da ba ka ga lokacin da aka shafa shi ba. Na hannu kuwa, wanda ya cire shi yana da dalilinsa.

Babbar damuwar ita ce jabu da ke shigowa cikin kwalin orijinal. Ko a Ƙofar Ruwa ka je, ko Sabon Gari, ko shagon unguwa, akwai 'yan kasuwa masu amana da za su ajiye maka kala biyu su faɗa maka gaskiyar kowanne, kuma irinsu ya kamata ka riƙe. Amma kwali ba shaida ba ne, ana buga shi da tambari da komai. Buɗe ka duba da idonka. Tafi da tsohon shu ɗinka, ka ɗora sabon a kansa, ramukan sifirin da bakin da ke zama a kan ƙarfen juyawa su yi daidai. Auna su a tafin hannu: jabu yakan yi shafal, alminiyonsa da kaushi da 'yan ramuka kamar an yi zubi cikin gaggawa. Bi gefen lainin da farce, idan akwai tazara tsakaninsa da ƙarfen, ko gam ya yi tsiri ya bushe a gefe, ajiye shi. Kankare fuskar lainin kaɗan. Idan yana zubar da gari cikin sauƙi, ba zai kai ko'ina ba. Duba kaurin, ya zama ɗaya a shu biyun. Idan mai shago ya ce "Alhaji, duk ɗaya ne, kamfani ɗaya ke yin su," amma kuɗin ya yi ƙasa sosai da na dila, ka san akwai magana. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka saya a wurin dilan da ke sayar da irin babur ɗin, ka karɓi rasit.

Wata cutar kuma a wurin ɗaurawa take. Kada ka ba yaron gareji kuɗi ya je ya sayo ba tare da ka ga abin da ya kawo ba, kuma ka ce a ba ka tsohon a hannu. Akwai dabarar da wasu ke yi idan shu ya ƙare: su zare hannun birkin da ke jikin ƙafa su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu, ko su naɗa guntun gwangwani a bakin shu don ya ƙara buɗewa. Birki zai dawo kamar sabo, ka biya ka tafi da murna. Amma ƙarfen da ke buɗa shu yana iya juyawa ya wuce iyaka ya maƙale a tsaye, ƙafa ta kulle ba ta saki. Makanike na ƙwarai zai goge cikin durom da tsumma mai ɗan danshi, ba zai hura ƙurar da baki ba domin tana cutar da huhu, zai ɗiga giris kaɗan a jikin ƙarfen juyawa kawai, ya kiyaye kada ya taɓa lainin. Ƙurar hunturu da ruwan damina su ne ke sa wannan ƙarfen ya cije, sai birki ya yi tauri amma ba ya kamawa. A duba wayar birkin gaba ma. Idan silinta ya fara tsinkewa a sauya ta, kada a ɗaure.

Masu babur mai faifai a gaba, ƙa'idar sayen pad ɗin, wato abin da ke matse faifan, ita ce dai wannan. Abin ƙari shi ne man birki: DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfin, daga gwangwanin da ba a buɗe ba, domin yana zuƙar danshi. A sauya shi duk shekara 2. Kada a kuskura a zuba baƙin mai ko man giya, yana kumbura robobin ciki. Idan hannun birkin yana laushi kamar soso, iska ce a ciki, a fitar da ita.

Bayan an ɗaura sabon shu, nemi layin da babu mutane, ka taka birki a hankali daga ƙaramin gudu kamar sau 10 zuwa 20 don lainin ya kwanta, gaba da baya duka. Bayan kwana biyu ko uku ka koma a sake ƙara nati, saboda saitin farko yakan ɗan saki.