Dashen haƙori ko gada: amsa ga Hajiya

Hajiya, tunda likita ya ba ki zaɓi tsakanin dashe da gada, ki yi dashen in aljihu zai ɗauka. Duka biyun suna bakina.

Gadar, wato haƙorin ƙira da ake maƙalawa a haƙoran da ke gefen giɓi, ba laifi, ta fi sauƙin kuɗi, amma sai an kankare lafiyayyun haƙora biyu na gefe kafin a ɗora ta, ƙashin da ke ƙarƙashin giɓin kuma yana ci gaba da zaizayewa.

Dashen kuwa, da shi nake tauna kilishi da aya, har nakan manta wane ɓangare yake. Ƙaramar ƙusa ce ta titaniyom a cikin muƙamuƙi, kuma ba wani gam ke riƙe ta ba. Tana shiga, furotin na jini irin su fibronektin da bitronektin za su lulluɓe ta. Ƙwayoyin da ke gina ƙashi ba ƙarfen suke kamawa ba, wannan lulluɓin suke kamawa, da wasu 'yan ƙugiyoyi na jikinsu da ake kira intagirin, masu gane wani jeri na amino asid (tubalan ginin furotin) guda uku da ke jikin furotin ɗin, mai suna RGD. In sun kama, sai su baje, su shimfiɗa kolajin (furotin mai kama da zare), kalsiyom da fosfet su taru a kai, ƙashi ya manne da ƙusar. Shi ya sa ake yi wa jikinta kaushi da gangan, kamar yadda magini ke sassaƙar bango kafin filasta. Likitan ƙasar Suwidin, Brånemark, ya lura da wannan mannewa a ƙashin zomo, a 1965 ya fara dasa wa mutum.

Sai dai abin na son haƙuri, wata 3 zuwa 6 galibi kafin a ɗora haƙorin. Suga in bai daidaita ba yana kawo cikas, haka ma sigari ga masu sha.

Ki kuma yi hattara da masu tallan dashe a farashin banza. Ƙusar da ba ta da tsabta, ko ta ƙarfen da ba a san asalinsa ba, jiki zagaye ta yake da tsoka mai laushi maimakon ƙashi, sai ta fara girgiɗi. Kar ki yarda a taɓa ki ba hoton muƙamuƙi. Ki sa a buɗe kwalin ƙusar a gabanki, a ba ki takarda mai sunan kamfanin da lambar ƙusar, domin duk likitan da zai yi miki gyara nan gaba ita zai fara tambaya.