Na kai lissafin kasuwata wajen akanta saboda tsoron sabon haraji, ga yadda muka kwashe

Tun watan Disamban 2025 nake cikin zullumi kan maganar harajin nan wallahi. Ni sana'ata saida atamfa da leshi da mayafai ce, a Kantin Kwari nake saro kaya, ina da ɗan shago a unguwarmu amma gaskiya yawancin cinikin a waya nake yinsa, in ɗora a WhatsApp mace ta zaɓa ta turo kuɗi in ba ɗan sahu ya kai mata, in ta wani gari ce in kai tasha. To duk kuɗin nan akawun ɗaya suke faɗawa, wanda na buɗe tun ina makaranta. Kuɗin kaya nan, kuɗin adashenmu na mutum goma sha biyu da ni ce uwar adashe nan, gudummawar biki in dangi za su haɗa nan, har kuɗin cefanen da Yayana yake turo wa Hajiyarmu duk wata ta nan yake bi. Sai aka fara yawo da saƙon murya a guruf-guruf wai daga 1 ga Janairun 2026 duk abin da ya shiga akawun ɗinka gwamnati za ta yanki nata, wai in ba ka rubuta dalilin tura kuɗin ba ciniki za a ɗauka. Wata ƙawata har daina karɓar tiransifa tayi, ta koma sai tsaba, kwastomomi suka dinga guduwa.

Maigidana ne yace in daina sauraron masu muryar nan in je wajen waɗanda aikinsu kenan. Abokinsa ya kwatanta mana wani ofishin akantoci a saman bene wajajen Zoo Road, masu yi wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi da cike fom ɗin haraji da rajistar sunan kasuwanci. Ba zan kama sunansu ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba tozarta kowa nake so ba. Zuwana uku yanzu, shi yasa naga ya kamata in faɗa wa 'yan uwana masu sana'a abin da na gani.

Ranar farko naira dubu 15 suka karɓa kuɗin zama da akanta, a raina nace kai, ribar turmi nawa kenan. An ce min ƙarfe goma, ban shiga ba sai wajen sha biyu saura, benci ɗaya ne a barandar, ga zafi ba fanka, kuma ba wanda ya leƙo yace Hajiya yi haƙuri. Wannan ya ɓata min rai sosai don na rufe shago ne na taho, na bar yarinya da maƙwabciya.

Amma da na shiga sai na huce. Mutumin dattijo ne mai natsuwa, bai yi min kallon wadda ba ta san komai ba, kuma da Hausa tsantsa ya yi min bayani. Nace Malam ni dai tsorona kuɗin adashe, amanar mutane ce, kar a wayi gari an yanke. Yace Hajiya kwantar da hankalinki, ba a yankar haraji daga kuɗin da ke ajiye a banki, haraji a kan abin da kika samu ne, ke da kike kasuwanci a kan ribarki kenan bayan an cire kuɗin saro kaya da hayar shago da kuɗin mota da sauran ɗawainiyar sana'a. Adashe ba riba ba ce, kyauta ba riba ba ce, kuɗin cefanen Hajiya ba naki ba ne. Yace matsalar guda ɗaya ce, ranar da aka tambaye ki, da me za ki nuna wannan na adashe ne wancan na atamfa, tunda duk kin zuba su a tukunya ɗaya? Nan jikina yayi sanyi don gaskiya ya faɗa. Ni kaina in aka tsare ni ba zan iya rabewa ba.

Sai ya ɗauko takarda da biro ya zana min matakan sabuwar dokar, kuma inaga wannan kaɗai ya biya dubu sha biyar ɗina. Naira dubu 800 na farko a shekara ba a biyan ko kwabo. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga wanda samunsa ya haura miliyan 50. Akwai kuma rangwamen haya, ana cire kashi 20 na kuɗin hayar gidan da kake biya a shekara amma ba zai wuce dubu 500 ba. Ya yi min misali yace a ce ribarki ta shekara miliyan 2 da dubu 400, hayar gida dubu 400, a cire dubu 80 na rangwame saura miliyan 2 da dubu 320, a cire dubu 800 ɗin da ba a taɓawa saura miliyan 1 da dubu 520, kashi 15 ɗinsa dubu 228 kenan a shekara, dubu 19 a wata. Ba ƙaramin kuɗi ba ne a wajena, ko kusa, amma ina shi ina abin da ake tsorata mu da shi. Ya kuma ce lambar NIN ɗina ita ce lambar harajina, ba sai na biya wani ɗan tsakiya ya yi min wata ba, kuma harajin mutum irina hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ake ba, ba ta tarayya ba, ana miƙa bayanin shekara kafin ƙarshen Maris.

Wani ɗan abu da na ji daɗinsa, naira 50 ɗin nan da ake cire min duk sanda alat na dubu 10 zuwa sama ya shigo, yanzu mai turawa ne ke biya. Ni da alat ke shigo min da yawa a rana na ga bambanci, duk da in na tura wa masu kaya a Kwari ni ma ina biya.

Zuwa na biyu wani matashi aka haɗa ni da shi, nan kam abin bai yi min ba. Yaron yana da ƙoƙari amma gaggawa gare shi, rabin maganarsa Turanci, ya ɗora min wani jadawali a kwamfuta yace in dinga cikewa kullum. Nace ɗan'uwa ni da waya nake aiki, wayar ma rabin allonta a fashe. Ya turo min takardu shafi shida ba kalmar Hausa ko ɗaya. Ofis a tsakiyar Kano, masu zuwa wajensu 'yan Kwari ne da 'yan Singa da 'yan Dawanau da mata masu sana'a a gida, me zai hana su fassara takarda ɗaya tak da Hausa su ajiye? Sannan kuɗin rajistar sunan kasuwanci da aka faɗa min a baki daban, da na zo biya an ɗora wani abu wai kuɗin aiki, ba a gaya min tun farko ba. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, ɓoyewar ce. Na koma wajen dattijon nayi magana, ya ba ni haƙuri, ya sa aka rubuta min farashin komai a takarda, kuma shi ya ce in rabu da jadawalin kwamfutar in sayi babban littafi mai layi, hagu abin da ya fita dama abin da ya shigo, rasit kuma in dinga zubawa a leda ɗaya kowane wata. Waya kuwa sai ka kira sau uku kafin a ɗaga, saƙo ya kwana biyu ba amsa.

Muna zaune rannan na tambayi dattijon abin da ya daɗe yana cin raina. Nace Malam, wai ba wannan dokar ce gwamnoninmu na Arewa suka taru a Kaduna a watan Oktoban 2024 suka ce ba su yarda ba? Na tuna lokacin Gwamna Zulum da Sanata Ndume kullum suna cikin rediyo a kanta. Yace ita ce, rigimar a kan rabon harajin VAT ce, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da ake saye, ƙudurin farko na kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta ya so a raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda harajin ya fito, mutanenmu suka ji tsoron Legas za ta kwashe tunda manyan kamfanoni can hedikwatarsu take. Daga baya aka sasanta, rabi a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan, VAT ɗin kuma aka bar shi a kashi 7.5 ba a ƙara ba. Kason tarayya ya sauko daga 15 zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suna nan a 35. A haka Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, har hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, aka sauya mata suna ta koma NRS. Bai ɗauki ɓangare ba, bai yabi kowa ba bai zagi kowa ba, wannan ma ya burge ni.

Ni dai a matsayina na wadda za ta fitar da dubu goma sha wani abu duk wata, ga inda abin yake min ciwo. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, wannan ba a ɓoye yake ba, yanzu ga ƙarin kason VAT. Mu kuwa fetur ɗin da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ya haura dubu, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta wuce 1,500, leshi da shadda da ake shigowa da su suka ninka, matar da ke ɗaukar turmi uku da sallah ta koma ɗaya, shi ma biya biyu. Mafi ƙarancin albashi dubu 71 ne a Kano, a cikinsa za a ci a sha a biya makaranta, atamfa ita ce ta ƙarshe a lissafi. Ruwa saya nake wajen 'yan garuwa, wuta sai sola, asibiti har safar hannu ni ke saye. Ga masu zuwa shago da rasit kala-kala, yau na shara gobe na allo jibi na wani abin da ban ma san sunansa ba. Babanmu Allah ya jiƙansa har ya rasu yana yi wa Abubakar Rimi addu'a saboda soke haraji da jangali da ya yi a 1979, ba don mutanen da ba su san haƙƙin hukuma ba ne, don ana karɓa da wulaƙanci ne kuma ba sa ganin komai a ƙasa. Ni ban ƙi biya ba wallahi, in dai zan ga famfon layinmu ya kawo ruwa. Dattijon yace Hajiya wannan kuma ba a ofishina amsarsa take ba, lokacin da ake karanta kasafin kuɗin jiha ya kamata ku dinga buɗe kunne. Na ji zafin maganar amma ban ga laifinsa ba.

In za a tambaye ni ko a je, zan ce a je, musamman wanda kuɗin mutane ke bi ta hannunsa kamar ni. Amma ka nemi babban da kansa, ka ce a rubuta maka farashin kowane aiki kafin ka ciro ko sisi, ka tafi da takardar shige da ficen akawun ɗinka ta banki ta wata shida da rasit ɗin haya, kuma kar ka sa ran za a ganka a kan lokaci. Wanda ribarsa ta shekara ba ta kai dubu 800 ba inaga zama ɗaya ya ishe shi, ba sai ya ɗauki kwangilar shekara da za su yi ta tallata masa ba, ni ma sun yi min tayin nace a bari tukuna.

Yanzu dai na buɗe akawun na biyu da sunan shagon, adashe da kuɗin Hajiya suna tsohon. Littafin ma na saya, wata uku kenan ina rubutawa duk dare bayan isha'i, kuma a cikinsa ne na gano bashin da ke hannun kwastomomi ya fi kayan da ke shagon yawa, abin da ban taɓa sani ba duk shekarun nan. Mayafan da nake ganin su ke riƙe da ni ashe kusan ba riba in an cire kuɗin ɗan sahu, na ɗan ƙara musu ɗari biyar-biyar. Ƙarshen wata mai zuwa zan koma in kai masa littafin ya duba min, na riga na gaya musu wajen dattijon zan shiga.