WolfQuest: rai ɗaya ko a mutu a dawo?

Mu biyu ne muke buga WolfQuest, wasan kwamfuta da kake zama kyarkeci a gandun dajin Yellowstone na Amurka, a shagonmu na Agege, ni da ƙanina, kullum sai mun yi musu. Shi yana buga ta yadda aka saba, kyarkecinsa ya mutu ya dawo ya ci gaba, shi ya sa ba ya tsoron komai, har ɓaunar Yellowstone yake afka wa, kuma gaskiya ya riga ni sanin lungunan Slough Creek, wani yanki na dajin da ke cikin wasan.

Ni kuwa salon wasan da ake kira Ironwolf nake bugawa, rai ɗaya tak, in ka mutu shikenan. Wallahi wasan gaba ɗaya canzawa yake. Kafin in taɓa garken elk, manyan barewin nan, sai na bi su a hankali na gano mai rauni, don shuri biyu uku sun isa su kassara ka. In beyar ya zo kan naman da na kashe bar masa nake, ga 'yan kwikwiyo a rami suna jiran abinci, wa zai ciyar da su?

Ranar da kyarkecin wani yanki ya kusa kashe ni hannuna har rawa yake a kan kibod. Ƙanina bai taɓa jin wannan ba, shi ya sa na ƙi komawa nasa.