Lambatu, ramin tsakuwa ko kwari mai ciyawa: wanne ya dace da filinka?

Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 yake zubowa, duro 15 ke nan. A watan Agusta dare ɗaya ya isa. Kafin ka kira birkila, ka fara sanin inda wannan ruwa zai dosa.

Lambatun siminti kowa ya san shi. Ba ya cin wuri, yana kwashe ruwa nan da nan. Sai dai ga kuɗin siminti ga na rodi, kuma duk abin da ya kwaso, leda ce, baƙin mai ne, kashin awaki ne, haka zai miƙa wa maƙwabcin da ke gangare. In gidanka a lungu yake, katanga na jingine da katanga, ba ka da wani zaɓi. Ka gina, ka riƙa yashewa.

Ramin tsakuwa kuwa, wato rami da ake cikawa da duwatsu, yana shanye ruwan indararo, amma da zarar laka ta cike tsakanin duwatsun, sai an tone shi ɗungurungum.

Na ukun shi na fi so, in akwai fili. Kwari ne mai faɗi marar zurfi, kamar ƙwarya, a shuke shi da ciyawa. Ruwa in ya shigo, ciyawa ta karya masa gudu, yashi da dauɗa su kwanta, sauran ya nitse ƙasa, abin da ya fita ƙarshe ya fita da ɗan haske. Wanda ya taɓa ganin ramuka masu siffar rabin wata da manoman Tawa a Nijar ke haƙawa don tare ruwa, ya san dabarar. Yawancin kuɗin na leburori ne, shi ya sa ya dace da makaranta, asibiti ko gefen titin sabuwar unguwa.

Amma kada ka biya ko sisi sai ka gwada ƙasar. Haƙa rami mai zurfin kamar kamu ɗaya, cika shi da ruwa, in ya tsotse ka sake cikawa. Jigawa za ta shanye kafin washegari. In ka dawo ka tarar da ruwa kwance, yumɓu gare ka, kwarin zai zama tafkin sauro. Ƙa'idar ita ce ruwa kada ya wuce kwana biyu.

Ka gaya wa mai haƙa ya kwantar da gefen: duk zurfin taku ɗaya, faɗin taku uku. Masu haƙa sun saba da gefe a tsaye, in ka juya baya haka za su yi maka. Ka nisanta shi da tushen gini aƙalla mita 3, ka nisanta shi sosai da rijiya da masai.

Batun ciyawa, kiri-kiri tana shimfiɗuwa ta rufe ƙasan kwarin, tana jure taku. Jema kuma, wadda ake saƙa faifai da ita, saiwarta ƙasa take nitsewa, ita ce ta gefe don hana zaizaya. Ka dasa a ruwan farko, wajen Yuni, don ta kama kafin marka. Ka ware kuɗin shinge ma, ko na ƙaya ne, domin awakin unguwa ba sa barin ɗanyen tsiro ya kwana.