Shagon furanni da kayan ɗaurin aure da ya taimake mu a Kum

Duk wanda neman auren 'yar Iran ya taso masa a Kum, akwai wani ɗan shago a wani lungu kusa da haramin Sayyida Ma'asuma da nake ba da shawarar a leƙa. Furanni suke sayarwa, suna kuma ba da hayar kayan ɗaurin aure. Mai neman auren ƙanin maigidana ne, ɗalibi a nan, ya ga 'yar mutanen birnin Kashan, ni kuma na tsaya masa a matsayin uwa tunda iyaye suna Zariya.

Zuwan farko gidan iyayen yarinya, wanda suke kira hastegari, fure ake kaiwa da kwalin kayan zaƙi. Na so in lodo sohan, alawar Kum ɗin nan mai za'afaran, amma matar shagon ta dakatar da ni. Ta ce ranar ta ganin juna ce kawai, yarinya za ta fito da shayi, a gaisa, a tashi, kuma yawan kaya zai sa a ga kamar mun yanke wa iyayenta hukunci. Ta ɗaure mana fure madaidaici. Maganar sadaki sai a zaman bale-burun, wato zaman tabbatar da amincewa, inda ake ƙirga shi da tsabar zinare ta Bahar Azadi, wasu 14, wasu 110.

Inda suka fi burge ni shi ne shimfiɗar ranar ɗaurin aure. Madubi a tsakiya, kyandir hagu da dama, Alƙur'ani, zuma, ƙwai masu ado, burodin sangak, da dunƙulen sukari biyu da mata ke gogawa a kan farin mayafin da aka riƙe saman ango da amarya. Tun kafin ranar matar ta ja yaronmu gefe ta ce kada gabansa ya faɗi idan malam ya nemi yardar amarya ta yi shiru. Haka kuwa aka yi. Karon farko mata suka ce ta tafi tsinko fure, na biyu ta tafi ɗebo ruwan wardi, sai a na uku ta ce da izinin iyayenta, "bale", wato e.

Aibinsu jinkiri. Baƙi sun fara shigowa kafin a gama jera kayan, hankalina ya tashi sosai. Kuma Farisanci kaɗai suke ji, don haka a je da mai fassara, a kuma tsayar da lokacin kawo kaya a rubuce kafin a ba da kafin alƙalami.