Tabbatar da imel a Mailchimp: ku kunna tun ranar farko

Ni dai in aka tambaye ni abin da ya fi min amfani a Mailchimp, manhajar tura saƙon imel ga jama'a da yawa da suka yi rajista, zan ce saitin nan na tabbatar da adireshi, wanda suka sa wa suna Double opt-in. Mutum zai cika fom ya sa imel ɗinsa, amma sunansa ba zai shiga cikin masu rajista ba sai an tura masa saƙo ya buɗe ya danna maɓallin tabbatarwa. In bai danna ba shikenan, ba ya ciki.

Da farko ban damu da shi ba, ina ta murna jama'a na ƙaruwa, sai ran nan na zauna ina duba adireshin ɗaya bayan ɗaya na ga wani ya rubuta gmial.com maimakon gmail.com, wani ya manta harafi ɗaya a sunansa, ga wasu kuma da ganinsu ka san ba mutum ne ya cika ba, bot ne, wato manhajar da ke cika fom da kanta. Irin waɗannan in ka tura saƙo dawowa yake yi, Mailchimp ya ware su ya sa musu Cleaned, wato ba za a sake tura musu ba. Wanda ya fi damuna ma shi ne adireshin da yake aiki amma na wani ne daban, bawan Allah bai nemi komai ba ga saƙonka a akwatinsa, to me zai hana ya danna spam? Kuma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, Google na so ƙorafin spam ya tsaya ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 cikin 1,000 kawai sun isa su ja maka matsala.

Kunna Double opt-in ba wuya, a saitin Audience ɗinka yake, wato jerin masu rajistarka, akwati ne ɗan ƙarami ka sa masa alama ka adana. Ku duba da kanku fa, don tun 2017 yawancin asusu da rajista kai tsaye suke zuwa, wato ba tare da tabbatarwa ba. Ka haɗa da reCAPTCHA, gwajin nan na tantance mutum ne ke cika fom, don hana bot.

Gaskiya akwai hasara, wasu za su cika fom su tafi ba su tabbatar ba, adadi ya riƙa hawa a hankali. Abin da ya taimaka min shi ne na sake rubuta saƙon tabbatarwar da kalamaina, layi biyu kacal, sannan a shafin godiya da ke fitowa bayan cika fom na ce a duba akwatin spam ko na Promotions a Gmail in ba a ga saƙon ba, na kuma gyara DKIM na domen ɗina, wato sa hannun da ke nuna saƙon daga gare ni ya fito, don saƙon ya isa.

Wannan saitin fa ba ya taɓa tsofaffin adireshi ko waɗanda ka loda da kanka daga fayil, su sai ka bi su ka tace da hannu. Ni maraice biyu na kashe a kai kafin na gama.